Yini guda a ƙasar zinariya ta Kalifoniya: abin da muka samu da abin da aka rage mana

Asabar ɗin ƙarshen watan Mayu muka bi wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido na nan Sakramento zuwa yankin da ake kira Gold Country, wato ƙasar zinariya. Mu uku ne: ni, da mahaifina da ya zo mana ziyarar wata biyu, da ɗana mai shekara goma. Dala 135 na biya wa kowane babba, yaro dala 90, kuma a ciki har da abincin rana da kuɗin shiga wuraren tarihi. Tun da na saka hotunan, 'yan uwa ke ta tambayata ko tafiyar ta ci kuɗinta. Ta ci, amma da sauran magana, shi ya sa na zauna na rubuta dalla-dalla.

Yaron ne ya tayar da zancen, don a ajin huɗu na firamare a nan jihar ana koya musu tarihin rububin zinariya, ya dawo gida ba shi da hira sai ta James Marshall, mutumin da tsintuwarsa ta tayar da rububin. Shi kuwa Baba safiyo ne, shekara talatin yana auna ƙasa kafin ya yi ritaya. Mutum ne da in kuna tafiya a mota ba ya kallon gidaje, tudu da gangare yake kallo. Na san in an dace da jagora mai sani, zai ji daɗi, in kuwa mai haddace labari ne kawai, zai yi shiru har mu dawo.

An dace. Jagorarmu dattijuwa ce, ta ce shekaru ta yi tana koyar da ilimin duwatsu a sakandare. Mu tara ne a motar. Muna barin gari ta babbar hanya mai lamba 50 ta ce kowa ya ajiye waya ya dubi taga, don darasin ya fara. Sakramento a shimfiɗe take, ba ta fi teku tudu da wani abin kirki ba. Cikin rabin sa'a sai ƙasa ta fara tashi a hankali, tuddai masu lulluɓe da ciyawar da ta riga ta bushe ta yi ruwan ɗorawa, da itatuwan oak jefi-jefi, ko'ina an yanka hanya sai ka ga jar ƙasa. Ta ce mu ɗauki tsaunukan Sierra Nevada kamar murfin akwati da aka ɗaga ta gefen gabas. Can gabas gangaren a tsaye yake, nan yamma kuwa a kwance yake, yana saukowa sannu-sannu har kwarin tsakiyar jihar. Mafi yawan dusar ƙanƙarar da ta taru a bisa, in ta narke, ta nan take gangarowa, ta kogunan Yuba da American da Mokelumne da Stanislaus da Tuolumne da Merced, kowanne ya yanka wa kansa kwazazzabo. Wannan gindin tsaunin, tsakanin kwari da ƙololuwa, shi ne ƙasar zinariyar.

Nan Baba ya gyara zama. Ya ce, "Uwata, tambaye ta me ya sa a nan, ba can sama ba." Yana jin Turanci sarai, amma ya fi son in shiga tsakani saboda saurin bakinsu. Amsar da ta bayar ita ce ta sa na ce kuɗinmu ya halatta tun ba a je ko'ina ba. Ta ce fiye da shekara miliyan ɗari da suka wuce, ƙasan teku ya yi ta cusa kansa ƙarƙashin nahiyar, duwatsun suka matsu, suka tsattsage. Ruwan zafi daga can ƙasa ya biyo tsagogin ɗauke da narkakken ma'adini, da ya huce sai ya daskare ya zama jijiyoyin farin dutse mai kama da ƙanƙara, da zinariya a ciki. Babbar jijiyar, wadda suke kira Mother Lode, ta miƙe kimanin mil 120 daga Mariposa a kudu zuwa wajen Georgetown a arewa, kuma ba ta da faɗi sosai. Koguna suka zo suka ratsa ta a gicciye, suna ta gugar dutsen shekara da shekaru, zinariyar na zubowa cikin yashi. Ta fito da wani guntun farin dutse daga aljihunta ta miƙo baya. Baba ya juya shi a tafin hannu, ya goga da farce, ya daɗe bai miƙa wa na kusa ba.

A Placerville ba mu wuce minti ashirin ba, kuma ya isa. Gari ne na tsofaffin gine-ginen bulo a titi guda. A da ana ce masa Hangtown saboda mutanen da aka rataye a wurin a 1849 ba tare da wata shari'ar kirki ba, kuma sai a 2021 majalisar garin ta cire hoton igiyar rataya daga tambarinta. A nan John Studebaker ya tara jarinsa da ƙera wa mahaƙa baro, kafin ya koma ya zuba kuɗin a sana'ar keken doki ta gidansu, wadda daga baya ta zama kamfanin motoci. Daga nan muka hau hanya mai lamba 49, wadda aka ba ta lambar don tunawa da mutanen da suka kwararo neman zinariya a 1849, muka gangara zuwa Coloma.

Coloma ta ba ni mamaki da ƙanƙantarta. Wani kwari ne shiru, kogin South Fork American na bi ta tsakiyarsa, ruwa garai-garai mai sanyin ƙanƙara. A nan John Sutter, wani mutumin Switzalan mai gandu a Sakramento, ya sa James Marshall ya gina masa injin tsaga katako mai aiki da ƙarfin ruwa. Safiyar 24 ga Janairun 1848 Marshall na duba magudanar da ruwa ke fita bayan ya juya injin, sai ya ga wani abu na walƙiya a ƙasa. Ya ɗauka ya daka da dutse, abin ya baje bai fashe ba. Kwana tara bayan haka, 2 ga Fabrairu, Meksiko ta sa hannu a yarjejeniyar Guadalupe Hidalgo ta miƙa wa Amurka Kalifoniya, ba tare da masu sa hannun sun san abin da aka tsinta ba. A Disamba Shugaban Amurka Polk ya tabbatar wa majalisa labarin, sai duniya ta ɗauka. Daga 1848 zuwa 1855 kimanin mutum 300,000 suka kwararo, daga gabashin Amurka da Meksiko da Chile da Turai da Ostareliya da Sin. San Faransisko da ba ta wuce mutum dubu ɗaya ba ta kai wajen 25,000 a 1850, kuma ranar 9 ga Satumbar wannan shekarar Kalifoniya ta zama jiha. Shi kuwa Marshall bai ci moriyar komai ba, a talauce ya rasu a 1885. Kabarinsa na bisa tudu, da mutum-mutuminsa yana nuni da yatsa zuwa inda ya yi tsintuwar.

Injin da ake gani yanzu kwafi ne da aka sake ginawa, amma an ajiye wasu katakan na asali da aka tono daga kogin. Baba bai damu da injin ba. Bakin ruwa ya nufa, ya tsaya ya dubi yadda kogin ya karya kwana, ya ce wa jikansa, "Abokina, in kai ne zinariya, ina za ka kwanta?" Yaron ya nuna tsakiyar ruwa. Baba ya girgiza kai ya nuna masa cikin kwanar, inda ruwa ke rage gudu yana tara tsakuwa. Jagorar ta ji, ta ce haka ne daidai, cikin kwana, da bayan manyan duwatsu, da cikin tsagogin dutsen da ke ƙasan kogi.

Sai aka zo rairaya, kuma nan ne na fi so a duk yinin. An ba kowa baƙin faranti mai zurfi da 'yan layuka a gefe ɗaya. Ka ɗebo yashi da tsakuwa, ka nutsa farantin cikin ruwa, ka girgiza shi hagu da dama da ƙarfi har komai ya saki. Zinariya ta fi ruwa nauyi sau 19, ta fi yashin da take ciki nesa ba kusa ba, don haka tana can tana nutsewa ƙasa kai ba ka gani. Sannan ka karkata farantin, ka bar ruwa ya riƙa lasar na sama yana tafiya da shi, ka sake girgizawa, ka sake karkatawa. Tsakuwa ta tafi, farin yashi ya tafi, sai wani baƙin yashi mai nauyi ya rage kamar cokali biyu. Nan za ka zuba ɗan ruwa ka juya shi a hankali. Ni sau biyu ina ihu na samu, ashe wani ma'adini ne mai ƙyalli da ke yawo a ruwa, kana taɓa shi da farce ya ruguje. Jagorar ta ce in ya tashi ya bi ruwa ba ita ba ce, ta gaskiya zama take yi daram, kuma ko ka yi mata inuwa da hannu launinta ba ya mutuwa. Ɗana ne ya fara samu, ƙwaya ɗaya ba ta kai kan allura biyu ba, rawaya kamar gwaiduwa a kan baƙin yashin. Ya ɗauke ta da busasshen yatsa ya saka a 'yar kwalbar ruwa. Minti arba'in muka yi a tsugune, bayana ya riƙe, yatsuna sun sandare. Sai na tuna mutanen da suka yi wannan daga fitowar rana zuwa faɗuwarta, ruwan sanyi har gwiwa, mafi yawansu kuma suka koma gida ba su mai da kuɗin jirgi ba.

Jagorar ta kyauta da ta tsayar da mu a kan labarin Nancy Gooch. Baiwa ce baƙar fata da aka kawo Coloma, ta sami 'yanci da Kalifoniya ta shiga tarayya a matsayin jihar da ba a bauta. Da wankau da girki ta tara kuɗi har ta kawo ɗanta Andrew Monroe da iyalinsa daga Missouri. Zuriyarta suka yi ta sayen fili a kwarin, har filin da injin Sutter ya tsaya a kai ya zama nasu, kuma daga hannunsu jiha ta karɓa aka yi wurin tarihin. Ɗana bai taɓa jin wannan a makaranta ba. Ta kuma shigar da mu wani tsohon kantin Sinawa na dutse, ta yi bayanin harajin dala 20 a wata da aka ɗora wa baƙin mahaƙa a 1850, wanda ya kori 'yan Meksiko da Chile da yawa, da kuma wanda aka sake kafawa a 1852 ya faɗa kan Sinawa.

Amma inda raina ya sosu shi ne batun masu ƙasar. Kusa da hanya akwai wani shimfiɗaɗɗen dutse mai ramuka zagayayyu, turame ne da matan ƙabilar Nisenan suka sassaƙa da dakan 'ya'yan oak tsawon zamunna. Na durƙusa na sa hannu a ɗaya, santsi kamar cikin kwano, hannuna ya shige har wuyansa. Duk matar da ta taɓa riƙe taɓarya ta san shekarun da ake yi kafin dutse ya lotsa haka. Jagorar ta ce su ne mazauna wurin na farko, cewa sunan Coloma ma daga harshensu ya fito, rububin kuma ya "canja musu rayuwa", sai ta duba agogo. Na tambaye ta a gaban kowa me ya same su. Ta san amsar, ba ta kuma ɓoye ba: kafin rububin 'yan asalin Kalifoniya sun kai kimanin 150,000, zuwa wajen 1870 sun koma kusan 30,000, da cututtuka, da yunwa bayan an ɓata koguna an kore su daga ƙasarsu, da kisan gilla na ƙungiyoyin 'yan bindiga da hukuma ta riƙa biya. Dokar jiha ta 1850 ta ba da damar a ɗauke 'ya'yansu a sa su aikin dole. A 2019 Gwamna Gavin Newsom ya nemi gafara da sunan jihar, ya kira abin kisan ƙare dangi. Duk wannan sai da na tambaya. Ta gaya mini a gefe cewa tsarin da kamfanin ya ba ta minti biyar ya ware wa wurin. An ba rairaya minti arba'in, an ba kantin tsaraba ashirin. Wannan rabon bai yi mini ba, kuma na rubuta musu na faɗa.

Kuskure na biyu na abinci ne. Tun a fom ɗin rajista na rubuta cewa ba ma cin naman alade, na kuma buga waya na nanata. Da aka buɗe akwatin abinci, burodin mutum tara duk da shi a ciki. Direban ya ba da haƙuri, ya ba mu tuffa da gyaɗa da soyayyen dankali na leda, da su muka yini. Baba bai ce komai ba, ya ɗebi ruwan kogin ya yi alwala muka yi azahar da la'asar a ƙarƙashin wata bishiya, jagorar kuwa ta riƙe sauran mutane da hira har muka idar ba tare da ta nuna mana gaggawa ba. Wannan na yaba mata. Bayan kwana huɗu kamfanin ya mayar mini da dala 30. Duk da haka mai zuwa ya riƙo guzurinsa.

Daga Coloma zuwa Auburn mil 18 ne kawai, amma hanyar ta nannaɗe kamar igiya, tana sauka cikin kwazazzabon da rassan kogin American biyu suka haɗu, gadar Foresthill na can sama da kai, ƙafa 730 daga ruwa. Mai amai a mota ya sha magani tun da safe. A wannan hanyar jagorar ta ba da kashi na biyu na labarin. Zinariyar bakin kogi ta ƙare cikin 'yan shekaru. Sai aka gano cewa a kan tuddai akwai tsakuwar wasu tsofaffin koguna da suka ƙafe miliyoyin shekaru da suka wuce, ita ma da zinariya. Daga 1853 aka fara janyo ruwa daga tsauni ta kwalbatocin katako, a matse shi cikin bututu, a harba shi ta wani baki na ƙarfe kamar igwa, ana rushe tudu sukutum. Laka da tsakuwar da aka zubar an ƙiyasta ta ninka ƙasar da aka kwashe wajen haƙa mashigin Panama sau takwas. Ta cike koguna, ta binne gonaki, garin Marysville ya yi ta shan ambaliya. Manoma suka kai ƙara, a Janairun 1884 Alƙali Lorenzo Sawyer ya hana zubar da tarkacen a koguna, sana'ar ta durƙushe. Abin da bai tafi ba shi ne zaiba, wadda ake zubawa don ta kama ƙananan ƙwayoyin zinariya. Har yau tana cikin lakar kogunan, har yau hukuma na gargaɗin mata masu ciki da yara kan cin wasu kifayen yankin. Ni ma'aikaciyar jinya ce, na sha ganin takardar gargaɗin a wurin aiki, ban taɓa haɗa ta da 1849 ba sai ranar.

Kashi na uku shi ne bin jijiyar cikin dutse, kuma shi ne mahaƙar Empire a Grass Valley. Daga 1850 zuwa 1956 aka yi ta aiki, aka fitar da oza miliyan 5.8, aka haƙa hanyoyin ƙarƙashin ƙasa masu tsawon mil 367, zurfinta kusan mil guda a tsaye. Nan aikin ya tashi daga na mutum ɗaya da farantinsa ya koma na masu jari da 'yan ƙwadago. An kawo ƙwararru daga Cornwall ta Ingila da famfunansu na zuƙe ruwa, alfadarai kuwa a can ƙasa suke rayuwa suna jan kekunan dutse. Umarnin gwamnati na lokacin yaƙi ya rufe mahaƙun zinariya a 1942, bayan yaƙin kuma farashi na daskare a dala 35 kowace oza alhali kuɗin aiki na hauhawa, sai aka kashe famfuna, ruwa ya cike ramukan. Ana sauka 'yan matakala a leƙa bakin babban ramin. Iska mai sanyi da warin jiƙaƙƙen ƙarfe ke fitowa, layin dogo ya gangara a karkace, fitilu na ƙanƙancewa har duhu ya haɗiye su. A kan wani dogon keke mai kama da tsani ma'aikata ke jeruwa, kowa tsakanin ƙafafun na bayansa, a sake su ƙasa. Ɗana ya riƙe hannun kakansa bai sake ba. 'Yan taku kaɗan daga nan ga gidan mai mahaƙar, William Bourn, na dutse da bulo, da lambun furanni da tafkin ruwa.

Sai dai mun iso a makare, saura ƙasa da sa'a guda a rufe. A ɗakin baje kolin akwai wani samfurin mahaƙar da aka ƙera da wayoyi da sanduna masu launi, wanda a da ake ɓoye shi a ɗakin sirri don kada abokan gasa su san inda jijiyar ta nufa. Kowace hanya, kowane mataki, an auna an sa. Baba ya tsaya gabansa ya sa tabarau, ya fara bin wani layi da yatsa daga nesa yana ƙirga matakai a hankali, ya ce, "Uwata, kin san aikin da safiyo ya yi a cikin duhu kafin a ƙera wannan?" Bai yi minti biyar ba aka ce mota za ta tashi. Da an cire Placerville, an rage kantin tsaraba, da an sami sa'a guda a raba tsakanin wannan ɗaki da turamen Nisenan.

Wanda bai san yankin ba, ko ba ya son tuƙi a hanya mai kwana-kwana, tafiyar ta dace da shi, musamman in ya sami jagora irin tamu, don ita ce rabin kuɗin. A tambaya tun wajen rajista ko mai ilimin duwatsu ne zai jagoranta. A zo da hula da ruwan sha da takalmin da ba a tsoron jiƙawa, kada yara su kutsa cikin ciyawa saboda macizai da wani ganye mai sa ƙaiƙayi da kumburi. Afrilu zuwa farkon Yuni ya fi, don daga Yuli zafin gindin tsaunin ba na wasa ba ne, ga fargabar gobarar daji. Masu tsofaffi kada su ji tsoro, Baba na da shekara 71 kuma babu inda ya gaza.

Ƙwaya uku muka dawo da su a kwalbar, biyu na yaron, ɗaya ta Baba. Saura mako uku ya koma, kuma ya riga ya sa na ɗauki hutun Laraba mai zuwa. Da motata za mu je, mu isa Empire ana buɗe ƙofa, in ya gama da samfurin nan mu wuce Malakoff Diggins ya ga ramin da ruwa ya haƙa, mai tsawon fiye da mil guda. Ya ce in nemo masa taswirar yankin mai nuna tudu da kwari, ta takarda, ba ta waya ba.